Agogon Kazaure a Tashar Marseille

Kazaure,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta iske ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Nasiru, da abokin faɗana Sadiku, da amaryata Hanifa, wadda ta yi yaji ta daina karɓar wayata tun ranar da na ce ɓera ne ya kwashe mata haƙoran gaba. Allah Ya tsare min ku duk inda kuke. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Labarin gari kuwa ki nema wajen Innarki, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Na ga hotunan jiragen ruwa biyun da kika turo min, waɗanda kuke son zaɓar ɗaya ku kai yara yawo a tekun Bahar Rum idan an yi dogon hutu. Na farkon ƙato ne, gari guda a kan ruwa, ga wurin ninƙaya, ga lilo, ga wurin sulɓi, amma yawancin kwanakinsa a tsakiyar teku yake yin su. Na biyun bai kai shi girma ba, sai dai kusan kowace safiya yakan wayi gari a bakin wani birni, a sauke mutane su shiga su yini. Kin rubuta a ƙasa, "Baba, wanne ka gani?" Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe har yanzu ana neman shawarar tsoho. Sai da daɗin ya gama ratsa ni Innarki ta ba ni sauran labarin. Ta ce kin ce mata, "Inna, babban za mu hau. Ko ma ya tsaya a wani gari, 'ya'yana ba za su taka ƙasa ba sai ranar da aka gama. Ni na san abin da na gani."

Na san abin da kika gani, Uwata, domin ni na nuna miki shi. Maganar nan ta tsaya min a rai. Wautar da na tafka shekara ashirin da suka wuce, ita ce yau za ta kulle jikokina a cikin jirgi, su je har bakin duniya su leƙa ta taga su dawo. Ban yarda ba. Da waya na kira ki, na san abin da za ki yi: "To Baba, to Baba," ki kashe, ki je ki yi abin da kika yi niyya. Halin mai sunanki ne, Allah Ya ji ƙanta. Shi ya sa na zaɓi takarda, ki karanta ki sake karantawa ba mai katse ni.

Ra'ayina a fili yake: ku hau na biyun, mai yawan tsayawa. Na san za ki ce a ranki, wa ke magana? Mutumin da jirgi ya tafi ya bari? Shi ɗin ne kuwa. Ki yi haƙuri ki saurare shi, domin duk ramin da ke hanyar nan babu wanda bai faɗa ba, ya san inda kowanne yake.

Kina da shekara goma sha ɗaya, ƙanenki Kabiru yana da shida, lokacin da ma'aikatarmu ta tura ni Italiya kwas na 'yan makonni a kan ƙofofin madatsar ruwa. Ni ɗan makiyayi daga Roni, wanda babban ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Kazaure, sai ga ni ina kallon teku. Kaina ya kumbura. Na ce sai iyalina sun zo sun gani da idonsu, aka yi ta fama har aka samo muku biza, kuka iso ku uku. Wani malaminmu na kwas ya ce in ana son yara su ga ƙasashe da yawa ba tare da jigilar kaya daga masauki zuwa masauki ba, jirgin ruwa ake hawa. Na tafi ofishin masu sayar da tikiti ni kaɗai, ban tambayi kowa komai ba, domin a ganina injiniya ba ya tambaya.

Kakanki Baffa, idan rani ya yi zai gangara kudu da shanu, bai taɓa tambayar tsawon hanya ba. Abin da yake tambaya shi ne ina mashaya, yaya nisanta da burtali, kuma za a bar shanu su sha su ƙoshi ko korarsu za a yi. Ni da na tashi a gabansa, na manta da wannan sarai. Na ɗauki takardar da ta fi yawan sunayen birane na ce a ba ni wannan. An rubuta Roma, na ɗauka a ƙofar Roma jirgi zai ajiye mu. Ashe a wani gari daban yake tsayawa, sai an hau bas an yi tafiyar fiye da awa guda. Ga layin sauka, ga layin hawa bas, ga zafi. Kabiru ya yi min amai a babbar riga tun ba mu yi nisa ba. Muka isa, aka nuna mana wani ƙaton tsohon gini da aka ce a cikinsa ake haɗa mutane faɗa da zakuna a da, muka ɗauki hoto ɗaya, matar da ke riƙe da tuta ta kaɗo mu muka koma bas. Innarki ta ce, "Alhaji, wannan ce Romar? Ai ni ƙeyar direba na fi gani."

Don haka kada yawan birane ya ruɗe ki, awowi za ki duba. Kowace tasha ki tambaya ƙarfe nawa ake sauka, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, kuma daga inda jirgi ya tsaya zuwa cikin gari tafiyar ƙafa ce ko ta mota. Akwai ma inda jirgi ba ya isa gaɓa, sai an zuba mutane a ƙananan kwalekwale, kuma mai yarinya kamar Hanifa gara ta san wannan tun tana gida. Birni huɗu da za a yini a cikinsu sun fi bakwai da za a leƙa. Ki nemi kuma wanda ya bar kwana ɗaya a tsakiya ba a sauka ko'ina, ƙafafun yara su huta.

Kin tuna Palermo? Ita ce shaidata. A can jirgi ya tsaya a bakin gari, muka sauka da ƙafa, ba bas ba mai tuta. Muka faɗa kasuwar kifi, Kabiru ya ga wani kifi mai dogon baki kamar takobi ya ɓuya a bayana. Innarki ta tsaya taya lemon tsami da yatsu, ba ta jin yarensu ba sa jin nata, kuma sai da tsohon ya sallama yana dariya. Ke kuma a ƙofar wata tsohuwar majami'a kika ja min riga kika ce, "Baba, ga rubutun allo." Na ce ke dai da surutu. Da na duba, wallahi rubutun Larabci ne a jikin ginshiƙi, mutane suna ta wucewa ba wanda ya kula. Daga baya aka gaya mana Musulmi sun taɓa mulkin garin. Wata uku kika yi kina ba 'yan Islamiyyarku labari. Irin wannan yinin nake so wa Sadiku, kuma a wurin sulɓi ba zai same shi ba.

Sai maganar ciki. Innarki ta yo guzuri kamar mai tafiya Hajji ta ƙasa: kilishi, dambun nama, garin kunu, har da ɗan rishon lantarki. A ƙofar shiga aka karɓe rishon da naman, aka ce ba a girki a ɗaki. Ni kuma girman kai ya hana ni tambaya ko akwai yankan Musulmi, sai kawai na kafa doka, ba mai taɓa nama. Muka yi ta fama da burodi da kifi da taliya. Sai ana gab da gamawa wani ma'aikacin ɗakin cin abinci, Musulmi ɗan Indonesiya, ya ce da mun faɗa tun wajen sayen tikiti da an yi mana tanadi. Ki faɗa musu tun yanzu, kuma a rubuce. Yaji kuwa ki tafi da shi, shi ba su hana mu ba, kuma shi ya riƙe min aurena a satin nan.

Na gaba ya fi ciwo. Cikin biranen har da Tunis, kuma saboda ita na fi ɗokin tafiyar, in taka ƙasar Musulmi in yi salla a tsohon masallacinsu. Muka ci ado muka shiga layi. Ma'aikacin ya juya koren fasfonmu, ya sake juyawa, ya ce bizarmu ta Turai ce, nan kuwa Afirka ce. Na ce, "To ai ni ma ɗan Afirka ne!" Ya ce ya sani, amma ba biza ba sauka. Turawa suna ta wucewa suna shiga nahiyarmu, mu 'yan gida muna tsaye a gefe. Muka koma saman jirgi muka yini muna hangen farin gari, da azahar iska ta kawo mana kiran salla. Innarki ta juya ta koma ɗaki, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ki ɗauki sunan kowace tasha ɗaya bayan ɗaya ki tambayi kamfanin, mai koren fasfo yana sauka a nan? Kada ki yarda da "ba matsala" ta fatar baki. Dokokin nan canzawa suke yi, abin da na sani a lokacinmu ba lallai ya yi miki aiki yau ba.

A Barcelona kuwa tsaraba ce ta cinye mana yini. Na taho da sunaye a aljihu, goggonninki na Roni, surukanmu na Gwiwa, abokan aiki, maƙwabta, har da mai gadin ofis. Mu fita wannan kanti mu shiga wancan, ina neman turare da takalma, ku kuna biye da ni da ledoji. An ce garin yana da gine-ginen da babu irinsu, ni ban ga komai ba sai gilashin kanti. Abin haushi, da muka dawo rabin kayan na gan su jibge a kasuwar Kano. Ƙafar Innarki ta kumbura, Kabiru ya kwanta da zazzaɓin gajiya. Ke ki ware awa ɗaya a tasha ta ƙarshe ki sayi abin da ya sawwaƙa, wanda ya yi fushi ki turo min shi. Ranakun sauka na yara ne.

Waɗannan duka su suka taru suka haifi ranar Marseille. Ita ce tasha ta ƙarshe kafin jirgi ya koma Genoa inda muka hau, kuma ranar Juma'a ce. Innarki da Kabiru ba sa iya fita. Ni kuwa tun Tunis nake ƙishin masallaci, tun ranar da muka hau nake ƙishin tuwo. Na ce zan je in nemi Juma'a, kika ce za ki bi ni. A ƙofar fita an kafa allo, kowa ya dawo kafin ƙarfe huɗu da rabi. Kullum da safe kuma sukan turo wata takarda ta ƙarƙashin ƙofar ɗaki, mai ɗauke da tsarin yinin. Ni ban taɓa karanta ta ba. Ke kike ninke su kina tarawa, wai za ki nuna a makaranta, ta ranar ma kika sa a aljihu.

Akwai wata ɗabi'a tawa da ya kamata in bayyana miki. Tun da na sauka Italiya ban juya agogona ba. Na bar shi a kan lokacin Kazaure, don in na duba in san yanzu ana kiran azahar a masallacin unguwarmu, yanzu an taso daga ofis. Lokacinsu na bazara yana gaban namu da awa ɗaya, sai in riƙa ƙarawa a ka. Makonni na yi a haka ban taɓa kuskure ba, har ina yi wa kaina kirari.

Muka yi tambaya muka sami masallaci, aka yi salla. A bakin ƙofa na ce, "Ke Ummi, ina takalminki?" Sai na ji an cafke min hannu.

"Bawan Allah, Hausa na ji?"

Wani dogon mutum ne, ya ce sunansa Malam Ila, mutumin Magarya ta Nijar, ɗinki yake yi a garin. Ya ce daga ina? Na ce Kazaure. Ya saki kabbara har Larabawa suka waiwayo.

"Kazaure! Ni uwata 'yar Babura ce!"

Kafin mu bar ƙofar masallaci mun gano kawunsa ya taɓa sayen bijimi a hannun Baffa a kasuwar Babura. Ya ce, "Wallahi ba ka barin garin nan ba ka ci tuwon gidana ba. In aka ji a Babura ɗan Baffa ya zo har nan na bar shi ya tafi da yunwa, da wane ido zan koma?" Mutum ya rantse, ya za ka yi da shi? Haka na daɗe ina faɗa, wai kunya ce ta kama ni. Gaskiya kuwa, tun da ya ambaci tuwo ƙafata ta riga ta juya.

Matarsa ta tuƙa tuwon shinkafa, miyar kuka har da man shanu. Muka baje, hira ta ɓarke, daga farashin shanu zuwa canjin sefa, daga wane ya rasu zuwa wane ya yi aure. Kika matso kika ce a hankali, "Baba, lokaci." Na duba agogo na ga ƙarfe uku saura, na ce da sauran lokaci. Jim kaɗan kika dawo.

"Baba, agogon da ke ɗakin matarsa ya ce ƙarfe huɗu."

Na haɗe rai na ce, "Ke, yaushe kika fara sa baki manya suna magana?"

Kika koma gefe kika zauna, idonki ya ciko. Makonni ina ƙara awa ɗaya, ranar nan ban ƙara ba. Kunne yana jin Hausa, hannu yana cikin miyar kuka, sai zuciyata ta koma gida, na karanta agogon Kazaure kamar a Kazauren nake. Sai can Malam Ila ya ce, "Af, Alhaji, ƙarfe nawa ne jirgin naku?" Na ce huɗu da rabi ake rufe ƙofa, yanzu kuwa uku da rabi, muna da awa guda cur. Ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, huɗu da rabi ai ita ce yanzu."

Gudun da muka yi a motarsa ba sai na tuna miki ba. Muka haɗu da cunkoso, muka isa biyar ta gota. An kwance igiyoyi, ruwa ya riga ya shiga tsakanin jirgi da gaɓa. Ni kuma na yi abin da na sani, na ɗaga hannu ina kwarma ihu, "A tsaya! Da sauran mutum biyu!" A tashar Kazaure ko mota ta kai bakin titi, in ɗan kamasho ya buga mata baya sai ta tsaya, balle a ce Alhaji ne. Jirgi ya busa ƙahonsa ya ci gaba. Can sama muka hango koren mayafi yana kaɗawa, Innarki ce. Kika kira "Inna!" sau ɗaya tak. Har yau ina jin muryar nan, kuma har yau tana sa ni kunya.

Wannan shi ne abin da kika gani, kuma a nan labarin ya tsaya a ranki. To bari in ba ki sauran, domin da alama kin manta wa ya yi shi.

Na zauna a kan ƙarfen da ake ɗaure igiyar jirgi. Ba fasfo, wayata ba ta aiki a ƙasar, babu komai a bakina sai innalillahi. Malam Ila yana ta salati yana cewa laifinsa ne. Manya biyu ke nan, masu gemu. Ke kika share hawaye da gefen hijabi, kika ciro takardar nan daga aljihu kika warware ta, kika sa yatsa a ƙasanta.

"Baba, ga lambar mutumin da suka ce a kira in jirgi ya bar mutum."

Ni ban ma san akwai irin wannan mutumin a duniya ba. Malam Ila ya kira da wayarsa ya yi Faransanci, ba a jima ba sai ga wakilin jirgin da ambulan a hannu. Ashe da aka yi ta kiran sunayenmu a lasifika ba amsa, ma'aikata sun je ɗakinmu, Innarki ta ba su fasfonmu biyu, da maganina na hawan jini, da wata 'yar takarda. Na buɗe. Ba gaisuwa, ba sa hannu: "Ka dawo min da 'yata."

Wakilin ya ce jirgi zai isa Genoa washegari da safe. Ina nan ina juya takardar Innarki, sai na ji kin ce wa Malam Ila, "Baba Ila, ka tambaye shi, jirgin ƙasa yana zuwa can?" Ya ce yana zuwa, amma sai an canza sau biyu. Kika miƙa masa biro kika ce ya rubuta sunayen tashoshin a bayan takardarki. Malam Ila ya kai mu tasha ya sa mu a jirgi, yana ta ba da haƙuri, Allah Ya saka masa da alheri, shi dai zumunci ya yi. Kika zauna a bakin taga, duk tashar da aka wuce ki duba allonta ki duba takarda. Sau biyu kina cewa, "Baba, a nan za mu sauka," ni kuma ina bin ki kamar ɗan maraƙi. A tashar kan iyaka na ɗaga ƙafa zan shiga wani jirgi, kika riƙe min riga kika ce, "Ba wannan ba ne, wannan komawa zai yi." A wannan karon ban ce manya suna magana ba. Muka isa Genoa muka kwana a wani ɗan masauki kusa da tasha.

Da sassafe muna tsaye a bakin ruwa. Sai ga shi can ya ɓullo, ɗan ƙarami, yana girma yana girma. Uwata, mun riga shi! Jirgin da ya tafi ya bar mu, mu muka tsaya muna jiran ya iso. Kika ɗaga takardar nan kina kaɗawa kina tsalle. Fasinjojin da suka sha jin sunayenmu a lasifika suka gane mu daga sama, suka ɗauki tafi da sowa. Innarki ta sauko, ta wuce ni kamar turken wuta, ta rungume ki tana kuka tana dariya. Kabiru ya ce, "Baba, ta ina kuka bi?" Na ce ta ƙasa. An yi min ƙarin girma a wurin aiki, na je Makka na dawo, an yi min walimar ritaya, amma daɗin da na ji a safiyar nan daban yake.

Saura kuskure ɗaya, kuma shi ne babba. Da muka dawo gida na fara ba da labarin a majalisarmu ta gindin darbejiya. Duk bayarwa sai rabona ya ƙaru, naki ya ragu. "Nan take na ciro takarda. Na ce a kira wakili. Na ce ina tashar jirgin ƙasa?" Har suka laƙaba min suna, Alhaji Riga-Jirgi, ni kuma ina amsawa ina gyara hula. Kina kawo mana ruwa kina ji, ba ki taɓa cewa komai ba, domin na riga na koya miki yara ba sa sa baki. Na kwashe nasarar duka na bar miki tsoron. Shi ya sa in kin tuna ranar nan ba kya ganin komai sai jirgi yana nisa da mayafin Innarki. Wannan zalunci ne na yi miki, kuma ina roƙon ki yafe min.

Jiya Juma'a bayan la'asar na je na gyara. Na ce jama'a, labarin nan da kuka sani akwai gyara a cikinsa, na ba su shi tiryan-tiryan yadda na rubuta miki, har da zaman da na yi a kan ƙarfe. Sai Malam Hadi, tsohon hedimastanku, ya gyara murya ya ce, "To Alhaji, ashe shekara ashirin rigar aro kake sanye da ita. Sai ka tuɓe a kai wa mai ita." Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Kafin a kira magariba sun sake min suna, yanzu Baban Riga-Jirgi suke ce min. Wallahi, Ummi, ya fi min na da daɗi nesa ba kusa ba.

To ga abin da ya rage. Kuna shiga jirgi kowa ya juya agogonsa zuwa lokacin jirgi, na gida ya jira ku a gida. Ku riƙa dawowa da sauran awa guda ko fiye. Kada ku sauka ba takardar yini da hoton fasfo a aljihu. In kun haɗu da Bahaushe, kuma za ku haɗu, domin babu inda ba mu, ku gaisa ku karɓi lambarsa, amma ku fara gaya masa ƙarfe nawa ake rufe ƙofa. In ya rantse sai kun ci tuwo, ya yi kaffara, ya fi sauƙi. Takardar yini ki ba Sadiku ya riƙe, ki ɗaura wa Hanifa agogo. Duk wanda ya ce lokaci ya yi a cikinsu, ku miƙe ko da loma a hannu, har shi Malam Nasiru.

Hukunci naki ne ke da maigidanki, ba zan yi muku dole ba. Amma ki tuna, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta ja ƙaton injiniya ta ƙetare da shi ƙasa zuwa ƙasa ba tare da ta ɓata ba. 'Ya'yan wannan yarinyar ba su cancanci a tsare su a bayan gilashi ba. Ki sauke su su taka ƙasa, su ji warin kasuwar kifi, su gano abin da manya suka wuce ba su gani ba. Babu wanda na fi amince wa da ya fita da yara ya dawo da su kan lokaci kamar ke, kuma ni shaida ne ba ji na yi ba.

Kada ku manta da addu'ar shiga jirgi, ku koya wa yara tun yanzu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya kwantar muku da teku, Ya tsare ku a kowace tasha, sauka da hawa. Allah Ya haɗa ku da mutanen kirki, Ya dawo min da ku gida cikin aminci da bakin labari. Ya yi miki albarka, Ya ba ki 'ya'yan da za su riƙe miki riga ranar da kika nufi jirgin da ba naki ba. Innarki tana gaishe ku, ta karanta takardar nan kafin in rufe, ta ce in gaya miki wannan ne karo na farko da ta ji labarin daidai daga bakina.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki mai alfahari da ke,
Baban Riga-Jirgi